Tambayi Malamar Wasanni: 'Yan Nazare da Ragar Tsalle

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato kayan tsallen nan masu cilla yaro sama, irin su tiramfolin, shimfiɗar da ake ɗaurewa da sifirin a jikin ƙarfe, waɗanda suka fara yawa a makarantun nazare da wuraren shaƙatawa da gidajen masu hali. Na ɗebo guda biyar. Ta farkon za ta ci mana wuri, domin amsarta ce gindin sauran.

Tambaya: Malama, barka da aiki. Ina da makarantar nazare da firamare. A hutun da ya wuce na sayo tiramfolin babba mai raga kewaye, na kafa shi a tsakar makaranta don mu fara koya wa 'yan nazare jimnastik, wato wasan tsalle da juyi da lanƙwasa jiki. Iyaye sun yi murna, yara kuwa ba a magana. Matsalar ita ce malamar ajin ba ta san ta inda za ta fara ba, sai dai ta zuba su goma-goma su yi ta tsalle har a tashi. Da wane darasi za mu fara? *Shugabar makaranta, Zariya*

Amsa: Hajiya, barka kadai. Niyyarki mai kyau ce, don ba kowace mai makaranta ke tuna cewa yaro yana da jiki ba, yawanci allo da fensir kawai ake tunawa. Amma tunda kin tambaye ni, ba zan ɓoye miki ba. Gobe da safe, kafin a kaɗa ƙararrawa, ki sa a ɗaure ƙofar ragar nan, kada ɗan nazare ko ɗaya ya sake hawa. Na san kuɗi kika zuba, na kuma san maganar ba daɗin ji. Ki yi haƙuri ki ji dalili, sannan in gaya miki abin da za a yi a madadinsa.

Tun asali ba don ƙananan yara aka ƙera wannan abu ba. Wani ɗan wasan jimnastik na Jami'ar Ayowa a Amurka, George Nissen, shi da kocinsa Larry Griswold ne suka haɗa na farko a shekarun 1930, don manyan 'yan wasa su riƙa gwada juyi a sama. Lokacin yaƙin duniya na biyu an horar da matuƙa jiragen yaƙin Amurka a kansa, don su saba da juyewar jiki a iska. A shekarar 2000, a birnin Sidni, ya shiga wasannin Olamfik, inda gwanaye ke tashi kusan mita 8. Kin ga kayan aikin ƙwararru ne ya biyo kasuwa har ya shigo tsakar gida.

A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsayarta, bayan ta duba irin raunukan da ake kawowa asibiti. Kusan kashi uku cikin huɗu na raunukan suna faruwa ne a lokacin da mutum fiye da ɗaya ke kan shimfiɗar. In babba da ƙarami suka hau tare, ƙaramin ne ke kwana ciki, har an samu cewa haɗarinsa kan iya ninka na babban sau 14. 'Yan shekara biyar zuwa ƙasa kuma su suka fi shiga haɗarin karaya da gocewar ƙashi. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta can ma gajarce maganar ta yi, ta ce wanda bai kai shekara shida ba kada ya hau. Ita kuwa ragar da ke kewaye, wadda ke kwantar wa iyaye hankali, kallon kitse ake yi wa rogo. Tana iya tare yaro kada ya faɗo ƙasa, amma yawancin raunin a ciki yake faruwa, ba a waje ba.

Ga yadda abin yake. Idan yaro mai nauyi ya diro, shimfiɗar takan lotsa sannan ta dawo sama da ƙarfi. In ƙaramin ya sauko daidai lokacin da take dawowa, ba laushi zai tarar ba. Kamar daɓen siminti ne ya taso ya tarye shi, ga ƙafarsa a miƙe sambal, domin ba wanda ya koya masa lanƙwasa gwiwa. Yanzu ki ƙiyasta yara goma, kowa da nasa lokacin tashi da na sauka.

Iyaye da yawa sukan kafa mini hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne. Amma duk wanda ya taɓa tanƙwara ɗanyen reshen darbejiya ya wuce kima ya san abin da ke biyo baya: ba ya ɓallewa biyu, tsagewa yake yi ta gefe ɗaya. Ƙashin yaro ma haka yake yi, har likitoci da sunan ɗanyen icce suke kiran irin wannan karaya. Ban da haka, kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wani faifan guringuntsi, ta nan ne ƙashin ke ƙara tsawo. Wurin bai da ƙwari kamar sauran, kuma in ya samu matsala ƙafa na iya tasowa a karkace, ko ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ga kuma kai. In aka gwada da jikinsa, kan ɗan shekara uku ya fi na babba girma da nauyi, wuyan da ke ɗauke da shi kuwa bai ƙosa ba.

To, me malamarki za ta koyar? Na haura shekara ashirin ina wannan aiki, kuma abin da ya fi cin lokacina da 'yan shekara uku zuwa biyar shi ne sauka. Tsalle ba sai an koya wa yaro ba, tun yana shekara biyu da 'yan watanni yake ɗaga ƙafa biyu da kansa. Saukar ce bai iya ba. A ajina muna kiranta saukar ɗan acaɓa: ƙafa biyu a ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe tana kallon yatsun ƙafa, ɗuwawu ya yi baya kamar za a zauna kan babur, hannu biyu a gaba kamar an riƙe kansa, ido yana kallon gaba. Yatsu ne za su fara taɓa ƙasa, dunduniya ta biyo. Sai mu ƙirga tare, ɗaya, biyu, uku, ba wanda zai motsa. Nakan ce musu kada in ji ƙarar ƙafar kowa, irin dirar kyanwa nake so. Yara suna son wannan ƙwarai, za ki ga suna kasa kunne su ji wa ya yi ƙara.

A kan tabarma ake farawa, a ƙasa. In ta zauna, sai a koma dirowa daga kan ɗan benci zuwa katifa, kuma tsayin bencin kada ya wuce gwiwar yaron. Wannan kaɗai yakan ɗauke ni mako uku ko huɗu, ba na kuma gaggawa. Bayansa sai birki. Yaro yana ƙananan tsalle a kan abu mai ɗan cillawa, malama ta ce "birki", shi kuma ya lanƙwashe gwiwa ya shanye cillawar ya tsaya cak. Wanda bai kama birki sau uku a jere ba, bai kai ga mataki na gaba ba, ko ɗan waye.

Game da kayan aiki, abin da na fi yarda da shi ga wannan shekaru shi ne katifar iska ta 'yan jimnastik, doguwar nan da ake hurawa da famfo a toshe a shimfiɗa a ƙasa. Ki nemi mai kaurin santimita 10. Cillawarta kaɗan ce, ba ta da ƙarfe ko sifirin, kuma in yaro ya kauce ba daga sama zai faɗo ba. Duk da haka a zagaye ta da tabarmi ko katifu, kuma yaro ɗaya ne a kai. Kada a bar ta a rana. Zafi yakan kumbura iskar da ke ciki har ta yi tauri ko ta buɗe a mahaɗa, a watan Maris da Afrilu kuma robar tana ƙona tafin ƙafa. Akwai ƙaramin tiramfolin mai ƙarfen riƙo da ake tallata wa iyaye. Na yi amfani da shi a da, na ajiye shi tun ranar da wata yarinya a ajina ta bugi haɓarta a ƙarfen ta datse harshe. Na juya ne in ɗaga wani yaro, ban fi ƙiftawar ido ba. Ta warke cikin kwanaki, amma har yau ina tuna jinin da ke gaban rigarta da fuskar mahaifiyarta da ta zo ɗaukarta.

Darasi ɗaya minti 30 ya isa, da safe, a inuwa, yara shida zuwa takwas ga malama ɗaya. Mukan ɗumama jiki da tafiyar dabbobi, tsallen kwaɗo, tafiyar agwagwa, rarrafen kunkuru. Daga nan sai a kasa su: wasu suna bin layin da aka ja da alli suna ware hannu, wasu suna mirginawa kamar muciya a kan tabarma, malama kuma tana tsaye a gefen katifar iska inda hannunta zai kai ga yaro. Kada layin masu jira ya wuce mutum uku, don daga nan ture-ture ke farawa. In za ta taimaki yaro, ta riƙe shi a ƙugu. Kada ta kama tsintsiyar hannunsa ta fizge shi sama, domin gwiwar hannun ɗan ƙasa da shekara biyar tana gocewa da ɗan ja kaɗan.

Kafin a fara, kowa ya je ya yi fitsari, ya tofar da abin da ke bakinsa, alawa ko cingam ko gyaɗa. A cire takalmi da safa, a cire sarƙa da awarwaro da duk abin da ke rataye a wuya. 'Yan mata su sa wando a ƙarƙashi, a cire dogon hijabi da fil, in ana so a sa 'yar hula mai kama kai.

Ki kuma sani cewa wannan rabin awar ba ita ce duka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, 60 daga ciki mai sa haki. Guje-guje a fili ne zai cike sauran, saboda haka kada a rage musu lokacin tara.

Babban tiramfolin kuma ba asara kika yi ba. Ki bar wa 'yan firamare da suka kai shekara shida, ɗaya bayan ɗaya, ban da alkafura, malami yana tsaye. In an gama a cire tsanin a kulle. Duk mako a duba sifirin da soson da ya rufe su, a kuma riƙa lulluɓe shi, domin ranarmu tana cinye raga da wuri. A taron iyaye na gaba ki gaya musu gaskiyar dalilin canjin. Wasu za su yi ƙorafi a ranar, amma ban taɓa ganin uwar da ta cire ɗanta daga makaranta don an ce ana tsoron ya karye ba.

Tambaya: Malama, da Sallah na kai yara wurin wasa. Ɗana mai shekara uku ya hau tiramfolin tare da wansa mai shekara goma. Bai faɗi ba, ina kallo, sai kawai ya zauna ya fashe da kuka. Yau kwana biyu ya ƙi taka ƙafar dama, amma ba kumburi sosai. Mahaifiyata ta ce targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori ya ja. Me kika gani? *Wani uba, Katsina*

Amsa: Ƙanena, na riga na ba ka amsa ranar da saƙonka ya iso, don wannan ba maganar jiran fitowar mujalla ba ce. Ina maimaitawa a nan saboda wasu iyayen. A kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi, kuma kada kowa ya ja ƙafar nan ko ya murza ta ko ya gasa ta da ruwan zafi kafin likita ya gani.

Ni malamar wasanni ce, ba likita ba, amma abin da ka kwatanta sananne ne, har likitocin ƙashi suna kiransa da sunan tiramfolin. Tsagewa ce a saman ƙashin ƙwauri, ƙasa da gwiwa kaɗan. Ta fi samun 'yan shekara biyu zuwa biyar, kuma labarin kusan kullum iri ɗaya ne: ƙarami yana tsalle da wanda ya fi shi nauyi, bai faɗi ba, sai kuka, sai ƙin taka ƙafa. Rashin kumburi ba ya nufin lafiya lau. Wani lokaci tsagewar siririya ce har tana iya ɓoyewa a hoto, shi ya sa za ka gaya wa likita dalla-dalla cewa a kan tiramfolin ne, kuma tare da babba. Wannan bayanin zai nuna masa inda zai duba.

Hajiya mahaifiyarka ba ta yi laifi ba, abin da ta sani ta faɗa, kuma tausayin jikanta ne ya sa. Ka lallashe ta da wannan bayani: a jikin babba jijiyar gaɓa ce ke fara gazawa, shi ne targaɗe, amma a jikin ƙaramin yaro jijiyar ta fi ƙashin da ke kusa da ita ƙwari, saboda haka ƙashin ne ke fara gazawa. Ɗan shekara uku da ya ƙi taka ƙafa kwana biyu, a ɗauke shi a mai karaya har sai hoto ya wanke shi. Ja zai iya raba abin da yake a haɗe. Ɗauri mai tsanani da karare kuma yana iya tsayar da jini, asibitocin ƙashi na ƙasar nan sun sha karɓar yaran da sai da aka yanke musu hannu ko ƙafa ta wannan hanya.

In Allah ya yarda irin wannan tsagewa tana haɗewa cikin 'yan makonni da filasta. Ko ya warke ka mayar da shi duk ranar da aka ce a dawo, domin wani lokaci ƙafar takan ɗan karkata bayan watanni, likita zai so ya bi sawu. Shi kuma wan kada a ɗora masa laifi. Yaro ne, ba shi ya kamata ya san wannan ba.

Ga sauran iyaye: in yaro ya sauka a kan wuya ko ka, yana kukan wuya, ko ya ce hannu ko ƙafa sun mutu, kada a sungume shi a guje. A bar shi a kwance yadda yake, a tallafe kai kada ya motsa, a nemo ma'aikacin lafiya. In ya bugi kai ya fara amai ko barcin da ba a saba gani ba, asibiti nan take.

Tambaya: Malama, ni malami ne a makarantar gwamnati a ƙauye. An ba ni ajin share fage, yara sun kai arba'in. Ba mu da katifar iska, ko tabarma sai na aro. Shin mu namu yaran sun rasa wannan darasi ke nan? *Malamin ƙauye, ƙasar Gumel*

Amsa: Malam, ba su rasa komai ba. Wasiƙarka ta fi kowace faranta mini rai. Kana da yashi, kuma ni a wurina yashi mai zurfi ya fi rabin kayan da ake sayarwa amfani wajen koyon sauka. A haƙa wuri mai faɗi a inuwa, zurfin kamu ɗaya da rabi, a cika da yashin rafi, a tankaɗe shi don kwalba da ƙaya. Duk safiya ka tona shi da manjagara kafin yara su shiga, saboda kunama da kuma kashin dabbobi. Katifa kuwa, buhunan da aka cusa wa ɓuntun shinkafa aka ɗinke baki sun wadatar, ko guntayen soso daga wurin masu yin kujeru in ka shiga gari.

Abu mai cillawa ma kana da shi a wurin mai faci. Tsohuwar tayar babbar mota, in aka kwantar da ita, gefenta yana lotsawa ya dawo, daidai ƙarfin ɗan shekara huɗu. Yaro ya tsaya a kai ya yi ƙananan tsalle uku, ya diro cikin yashi da saukar da na kwatanta a sama. Ka shafa ta da hannunka tukuna, in waya ta leƙo ka mayar. Ka sa a huda ta ta ƙasa don kada ruwan damina ya kwanta sauro ya samu gida, kuma ka leƙa cikinta kullum kafin a hau.

Kada ka raina wasannin da yaran suka zo da su daga gida. 'Yar gala-gala darasin tsalle da ƙafa ɗaya ce da sauka cikin gida ba a taka layi ba. Langa ma haka, sai dai ga ƙanana a cire ture-turen, a bar ɗingishin da ƙafa ɗaya kawai, kuma kada ka matsa wa ɗan shekara uku, yawanci sai wajen shekara huɗu yake iyawa. Yara arba'in ka kasa su biyar. Huɗu su yi abin da ba haɗari, bin layi, rarrafe, jifa da ƙwallon tsumma, kai kuma ka tsaya a wurin taya, nan ne kaɗai ake buƙatar idonka kusa.

Abin da zan roƙe ka shi ne ka dubi yaran kafin ka sa su tsalle. Ɗan gwame a shekara uku zuwa huɗu ba abin damuwa ba ne, yawanci yakan miƙe da kansa. Amma in ka ga ƙafa ta lanƙwashe sosai, tsintsiyar hannu ta yi kauri, yaro yana kukan ƙafa in ya yi tafiya, to wannan ciwon laushin ƙashi ne mai yiwuwa. Binciken da aka yi a kan yara a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa a wurinmu ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban sanadi. Irin wannan yaro ba ya dirowa daga ko'ina sai an duba shi, kuma a shawarci iyaye da nono da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya da miyar kuka. Mai sikila kada a ware shi, ya yi wasa, amma a inuwa, da ruwan sha kusa, ya kuma huta duk lokacin da ya ce ya gaji ba tare da an yi masa tsiya ba. Wanda ya zo bai karya ba, kai ma ka san shi da gani. Kada ya yi tsallen kwaɗo da yunwa.

Tambaya: Anti, za mu yi walimar saukar babbar 'yata a watan Yuni, yara za su zo da yawa. Maigida ya hana tiramfolin, sai na ce mu yi hayar gidan iskar nan da ake hurawa da inji, tunda shi duk laushi ne. Ko akwai matsala? *Uwargida, Kaduna*

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sanya albarka, ya sa ta yi aiki da abin da ta karanta. Amma tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. A gidan iska ma babba yana cilla ƙarami, kawuna suna haɗuwa, ga kuma wani haɗarin da ya fi wannan, wato iska.

A ranar 16 ga Disamba 2021, a garin Devonport na tsibirin Tasmaniya a Ostareliya, iska ta ɗaga irin wannan gida sama ana bikin ƙarshen shekara a wata firamare, yara shida suka rasu. Ke kuma Yuni kika ce, lokacin da hadari ke haɗuwa da la'asar, iska ta riga ruwa isowa ba sallama. A Ingila ƙa'idar ita ce ba a amfani da shi in gudun iska ya wuce kilomita 38 a awa, kuma a ɗaure shi a wuri shida aƙalla da turakun ƙarfe masu tsawon santimita 38. Ba ki da ma'aunin iska, amma kina da ido: da kin ga ƙananan bishiyoyi sun fara rangaji, ko gabas ta yi duhu, a fito da yara a sace iskar. Kada a jira yayyafi. In tsakar gidan daɓe ne ba wurin kafa turke, sai mai hayar ya kawo nauyi na gaske a kowace kusurwa. Bulo biyu da igiyar shanya ba ɗauri ba ne. In ya ce ba komai, haka suke yi kullum, ki sallame shi.

Sai wuta. Injin hurawar in ya tsaya, gidan yakan fara rushewa a kan na ciki nan da nan. Kada a dogara da wutar NEPA. A ware masa janareta, a cika mai, a ajiye shi nesa da yara saboda hayaƙi da waya. A raba yara bisa girman jiki, ƙanana su shiga nasu lokacin su kaɗai, 'yan kaɗan, manya kuma kada su shiga da sunan riƙe jariri. A shimfiɗa katifa a bakin ƙofa, don nan aka fi faɗowa. A ƙarshe ki sa mutum ɗaya babba wanda ba shi da wani aiki a ranar sai tsaron wurin nan, ba rabon abinci, ba ɗaukar hoto.

Tambaya: Malama, 'yata mai shekara huɗu tana ganin 'yan jimnastik a wayata, yanzu kullum tana kan gado tana son yin alkafura. Babanta ya ce ba wasan mata ba ne. In hana ta ne ko in nemo mata mai koyarwa? *Maman yarinya, Maraɗi*

Amsa: Ƙanwata, kada ki hana ta motsi, alkafurar za ki hana. Juyi a iska shi ne kan gaba wajen jawo raunin wuya da ba ya warkewa, ba na yarda da shi ga ɗan nazare ko a gaban wane koci. Haka tsayuwa a kan ka. Lanƙwasa baya kamar gada ma nakan jinkirta shi sai an cika shekara biyar. Ba abin da zai wuce ta. Nadia Comaneci ta Romaniya, wadda ta samu cikakken maki 10 a Olamfik na 1976, tana da shekara shida ta fara. Simone Biles ta Amurka, mai lambobin Olamfik 11, ita ma a shida ta fara.

Babanta kuma ki fahimce shi, sutura da tarbiyya yake tunani. Ki nuna masa cewa a ɗaki ne, da riga da wando, ke ce kuma malamar. 'Ya mace ma tana buƙatar ƙashi mai ƙwari da iya faɗuwa ba ta ji ciwo ba, kamar ɗan'uwanta.

Ki fara da sauko da katifar ƙasa, nesa da bango da gefen gado. Tsalle a kan gado ga fanka a sama ga tayil a ƙasa, ki hana shi yau. Sai ki koya mata dungure. Ki cusa filo biyu a ƙarƙashin kan katifar don ta yi gangare. Ta tsuguna a saman gangaren, ta kafa tafin hannu biyu, ki sa mata hankici a ƙarƙashin haɓa ta danne shi da ƙirji tana kallon cibiyarta. Ta ɗaga ɗuwawu sama, ke kuma hannunki ɗaya a ƙugunta, ɗaya yana tallafe ƙeya. Tsakar kai ba ta taɓa katifa, ƙeya da kafaɗu ne ke sauka. In hankicin ya faɗi, ta ɗaga kai ke nan, sai a sake. Sau biyar a rana ya isa, ba bayan cin abinci ba, kuma in akwai duwatsu a kitsonta ki cire su tukuna. Ki rubuto mini bayan wata ɗaya in ji ko hankicin ya daina faɗuwa.